Yadda rake ya mai da tsibiran Faransa gonakin bayi

Da yawa suna ɗauka cewa tun saukar Faransawa a tsibiran Karebiyan bayi 'yan Afirka ne ke riƙe da nomansu, alhali ba haka aka fara ba. A 1625 wani Bafaranshe, Pierre Belain d'Esnambuc, ya kafa zango a tsibirin Saint-Christophe, sannan a 1635 Faransawa suka mamaye Gwadalup da Martinik a ƙarƙashin wani kamfani da Richelieu, babban ministan sarkin Faransa, ya ɗaure wa gindi, suka yi ta yaƙar mutanen Karib da suka tarar a can. Taba ce amfanin gonarsu na farko, kuma akasarin masu nomanta talakawan Faransa ne da suka ɗauki alkawarin yi wa wanda ya biya musu kuɗin jirgi aiki na wata 36.

Rake ne ya juya lamarin. Bayan an kori Holandawa daga arewa maso gabashin Birazil a 1654, wasunsu sun sauka a waɗannan tsibirai da ƙwarewar dafa sukari. Rake kuwa ba ya jira, domin da zarar an sare shi dole a matse cikin kwana ɗaya ko biyu kafin ruwansa ya yi tsami, don haka lokacin girbi ana kwana ana tura kara cikin abin matsewa, wasu na tsaye kan tukwane masu tafasa. Ma'aikacin da zai tafi bayan shekara uku bai dace da lissafin mai gona ba. Abin da yake so shi ne wanda ba shi da ranar tafiya, wanda 'ya'yansa ma za su gaji wahalarsa. Nan aka karkata ga gaɓar Afirka don sayo bayi, inda Faransa ta kafa garin Saint-Louis a 1659, ta kuma ƙwace tsibirin Gorée a 1677, dukansu a ƙasar Senegal ta yau.

A ganina, dokar Code Noir da Sarki Louis na 14 ya zartar a 1685 ba ita ta ƙirƙiro bautar ba, hatimi kawai ta buga wa abin da masu gonaki suka daɗe suna yi. Ta lissafa bawa cikin kayan da ake sayarwa ko a gada, ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa. Wanda ya gudu har wata guda a yanke masa kunnuwa a yi masa lalas a kafaɗa, in ya sake a tsinke masa agara, a karo na uku kuma hukuncinsa kisa ne.