Kafin Ƙwaƙwalwa Ta Gyara Abin Da Ta Riƙe, Sai Ta Rushe

Furotin ɗin da ke mahaɗar jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba ya daɗewa. Yawancinsa cikin 'yan kwanaki zuwa mako biyu an farfasa shi, an ƙera sabo. Amma ga dattijo ɗan shekara saba'in yana tuna ranar da aka kai shi makarantar allo. To yaya abin da aka tuna ke daɗewa alhali furotin ɗin da ke riƙe da shi na canzawa? Masanin kimiyya Francis Crick ya ɗago wannan tambaya tun 1984. Kamar gidan ƙasa ne da ake sabunta wa yaɓe duk shekara, ƙasar ta canza amma ɗakunan na nan yadda suke.

A 2000 Karim Nader da abokan aikinsa a Jami'ar New York sun koya wa ɓeraye tsoron wani sauti: a kunna shi, a ɗan ja musu ƙafa da lantarki. Washegari aka sake kunna sautin sau ɗaya, nan take aka ɗura musu anisomaisin, maganin da ke hana ƙera furotin, cikin amigdala, sashen da ke riƙe tsoro. Bayan awa 4 suna nan suna ƙamewa in sun ji sautin. Bayan awa 24 tsoron ya ragu ƙwarai. In an ɗura maganin ba a kunna sautin ba, ko an jinkirta awa 6, tsoron ko gezau.

Dalilin ya fito daga ɗakin binciken Bong-Kiun Kaang a birnin Seoul a 2008. Tunawa ita ce ke sa a liƙa wa furotin masu tallafe mahaɗar, irin su Shank da GKAP, alamar yubikwitin, wani ƙaramin furotin da ke nuna abin da za a rushe, sai injin niƙa na cikin ƙwayar, furotiyasom, ya niƙe su. Da suka toshe injin, anisomaisin ya kasa goge komai. Ba a rushe bangon ba, balle a nemi tubalin sake gini.

Inda gwajin ke lalacewa shi ne wurin tunasarwa, wato sake kunna sautin. In ta yi gajarta, ko babu wani baƙon abu a cikinta, rushewar ba ta farawa. In ta yi tsawo, ɓeran ya koyi sabon darasi ne kawai, cewa sautin ba shi da haɗari, tsohon tsoron kuma yana iya dawowa. Tsoron da ya daɗe ko ya yi ƙarfi taurin kai gare shi. Shi kansa anisomaisin ba shi da tsabtar aiki, yana hargitsa sinadaran saƙo na jijiyoyi, shi ya sa dole a ware rukunin ɓerayen da za a ba maganin ba tare da tunasarwa ba.