An rufe shagunan caca a Kano, saura wanda ke cikin aljihu

Ranar 22 ga Nuwamban 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke wani hukunci da bai yi amo a unguwarmu ba, alhali ya shafi gidajenmu fiye da shari'o'in zaɓe da muke raba dare muna musu a kansu. Ƙara ce da jihar Legas ta shigar tun 2008 tana ƙalubalantar dokar caca ta ƙasa ta 2005, wadda ta kafa hukumar tarayya mai ba kamfanonin caca lasisi. Alƙalai 7 suka zauna, bakinsu ya zo ɗaya: caca ba ta cikin abubuwan da kundin tsarin mulki ya keɓe wa Majalisar Tarayya, don haka dokar ba ta da ƙarfi sai a Abuja. A sauran ƙasar, wuƙa da nama suna hannun majalisar dokokin kowace jiha.

Legas kuɗi take nema. Tana da hukumarta ta caca, tana ba da lasisi, tana karɓar haraji, kuma ba ta son tarayya ta raba da ita. Mu a nan abin da ya dame mu daban ne. Tun 2000 Kano ke bin Shari'a, kuma duk yaron da ya je Islamiyya ya san aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya wuri ɗaya ta ce a nisance su. Hukuncin da ya ba Legas damar tatsar caca shi ne ya ba Kano damar hana ta ba tare da wani ya ɗaga mata takardar lasisin Abuja ba. Abin da nake jira in gani shi ne mu yi amfani da damar nan yadda ya kamata.

Sana'ata POS. Teburina yana kusa da wani gidan kallon ƙwallo, kuma duk Asabar da yamma na san abin da zai faru. Yaran tela, 'yan adaidaita sahu, masu wankin mota, har da waɗanda na san iyayensu na kuma san ba su gama sakandare ba. "Yaya, ga ɗari biyar, tura min a asusuna." Wani dubu ɗaya, wani ɗari biyu. Ba sa ɓoye min abin da za su yi da kuɗin, don a bakin teburin suke haɗa tikitin, wannan na ce wa wancan ya cire wasan kaza ya sa wasan kaza. Na daina zuba wa kowa kuɗi kai tsaye a asusun kamfanin caca, sun kuma sani. Amma wanda ya ce a tura masa a asusunsa na banki, ba ni da hurumin bin kuɗin in ga inda suka kwana.

Abin da ke ci min rai shi ne lissafin da ba wanda ya zauna ya yi musu. Yaro zai jera wasa 10 a tikiti ɗaya, don naira 200 ta zama dubu ɗari. Ko da a ce kowane wasa rabi da rabi ne, a ci ko a faɗi, damar a dace da duka 10 ɗin ɗaya ce cikin 1,024. Kuma ba rabi da rabi ba ne, don kamfani ya riga ya cire ribarsa a cikin farashin kowane wasa, duk wasan da aka ƙara a tikitin ribar nan tana ƙaruwa. Shi ya sa kullum maganar ɗaya ce: "Wallahi wasa ɗaya ne ya yanke min." Wannan wasa ɗayan shi ke dawo da shi gobe. Ga kuma ƙwallon da kwamfuta ke bugawa, wadda ake gamawa cikin 'yan mintuna a sake sabuwa, dare da rana, ba sai an jira Asabar ba. Akwai yaron da na san kuɗin shaddar da aka ba maigidansa ɗinki ya zuba a irin wannan, yana cewa zai mayar kafin a nema. Mahaifiyarsa ce ta sayar da akuyarta ta biya.

A watan Oktoban 2024 Hisba ta rufe shagunan caca 30 a Kano, bayan ƙorafin iyaye da masu unguwanni. Ta ce da yawansu izinin gidan wasan gem suka karɓa, daga baya suka juya. Na ji daɗin aikin, kuma har yau ina goyon bayansa, don shago a tsakiyar unguwa shi ke koya wa ƙaramin yaro hanya. Sai dai an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Daga inda nake zaune ban ga 'yan caca sun ragu ba. Da a shago suke cunkuso ana ganinsu, yanzu kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa, a ɗaki, a aji, a bayan adaidaita. Ɗan Hisba ba zai bi aljihu aljihu ba, ban kuma so a ba kowa ikon tare mutane a titi ana buɗe musu waya.

Da na bi labarin sai na tarar Amurka ta riga mu shiga wannan hali. A watan Mayun 2018 Kotun Ƙolinsu ta soke dokar tarayya ta 1992 da ta hana jihohi halatta cacar wasanni, a ƙarar da jihar New Jersey ta kai. Daga nan kowace jiha ta kama gabanta. Sama da 30 sun halatta, Utah da Hawaii kuwa ba su yarda da kowace irin caca ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda suka sa iyakar jiha ta yi aiki a cikin waya. Kamfanin da ke da lasisi dole ne manhajarsa ta duba inda wayar take kafin ta karɓi kuɗi. Kana cikin jihar da ta halatta, ta karɓa. Ka tsallaka zuwa wadda ta hana, ta ƙi. Akwai masu zagayewa, ba shakka, amma nauyin yana wuyan kamfani, shi ake ci tara, shi ake ƙwace wa lasisi. Wato fasahar tana nan, kamfanonin caca sun san ta.

To me zai hana Majalisar Dokokin Kano ta rubuta doka ƙarara cewa duk kamfanin da ya karɓi caca daga wayar da ke cikin jihar ya karya dokar jihar? Na san ba a nan gizo ke saƙar ba. Layukan waya na ƙarƙashin hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, bankuna na ƙarƙashin Babban Banki, dukansu na tarayya ne, kuma manyan kamfanonin ba a Kano ofisoshinsu suke ba. Jiha ɗaya ba za ta toshe shafin intanet da kanta ba. Amma jihohi 12 ne ke bin Shari'a a Arewa, tun daga Zamfara da ta fara. In suka yi doka iri ɗaya suka tunkari hukumomin nan da murya ɗaya, riƙe da hukuncin Kotun Ƙoli, ba za a ce ba a ji su ba. Dole kuma dokar ta faɗi matsayin wanda ba Musulmi ba a fili, da unguwa irin Sabon Gari, don abin da aka bari a dunƙule shi ke zama kafar cin hanci da fitina daga baya.

Ɗan majalisarmu kan shigo unguwa ɗaurin aure da ta'aziyya, kuma na ƙudura in na same shi zan ce masa: Ranka ya daɗe, a bi kamfani da mai tallata shi kafin a bi yaro. A hana allon tallan caca a titunanmu, a hukunta wakilin da ke buɗe wa ɗan ƙasa da shekara 18 asusu da sunan babba, don na san ana yi. A kuma sa sashe na magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa jarabar caca cuta ce, kuma ina ganin masu ita a gaban teburina, sun rantse sun daina sun dawo, idonsu ja don rashin barci. Uban da ya gano ɗansa ya kamu yana bukatar wurin da zai kai shi a duba shi a asirce, ko a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko a asibitin da ke kusa da shi, ba tare da fargabar za a tsare yaron ko a ɗauki hotonsa a yaɗa a Facebook ba.