Yadda ake auna birkin ƙwaƙwalwar yara masu ADHD

Gwajin da masu bincike suka fi dogara da shi wajen auna birkin ƙwaƙwalwa, wato iya kame hannu, a yara masu ADHD (ciwon rashin tattara hankali da yawan motsi) shi ne gwajin tsayawa, wanda Gordon Logan da William Cowan suka shimfiɗa lissafinsa a 1984. Yaro yana zaune gaban kwamfuta. Kibiya ta nuna dama, ya danna dama. Ta nuna hagu, ya danna hagu. Sau ɗaya cikin huɗu sai ƙara ta biyo bayan kibiyar, alamar kada ya danna. Galibi ana fara tazarar da ke tsakanin kibiyar da ƙarar da milisakan 250 (milisakan 1,000 ne sakan ɗaya). In ya tsaya a tsawaita tazarar da 50, in hannu ya kuɓuce masa a rage 50, har ya zama rabi yana tsayawa, rabi yana dannawa. Daga nan ake lissafo lokacin da birkin ke ci, wanda a baligi lafiyayye yake kusan milisakan 200. A masu ADHD yakan fi haka tsawo.

Ana haɗawa da hular wayoyi mai ɗaukar lantarkin ƙwaƙwalwa, wato EEG. Abin da ake nema wata igiya ce mai suna P3, da ke tasowa wajen milisakan 300 zuwa 500 bayan alamar, kuma takan yi rauni a masu ADHD. Ƙyafta ido kaɗai ya fi wannan igiyar ƙarfi nesa ba kusa ba, dole a tace shi. Yaron da bai iya zama wuri guda kuwa, motsinsa kan ɓata zagaye da yawa.

Babbar matsalar ita ce jira. Yaro mai wayo zai gane cewa in ya yi jinkiri zai ci, sai ya riƙa sauraren ƙarar, lissafi ya gurɓace. Dole a nanata masa ya danna da sauri. Sannan saurin masu ADHD ba ya tsayawa wuri ɗaya, yanzu gaggawa, anjima hankali ya tafi, kuma wannan kaɗai na iya sa birki ya yi kamar mai nauyi alhali shagala ce. Shi ya sa ake son zagayen tsayawa aƙalla 50, wato 200 gaba ɗaya.

Bambancin na tsakanin rukuni ne, ba ya tabbatar da ciwon a yaro guda. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata na'urar EEG a 2013 don taimaka wa likita, amma a 2016 ƙungiyar likitocin jijiyoyi ta ƙasar ta ce kada a tabbatar da ADHD da ita.