Yadda na fita daga bashin katunan banki a Kanada

Ambulan goma sha ɗaya uwargida ta tarar a aljihun mota, ko ɗaya ban buɗe ba. Ta jera su a kan tebur bayan yara sun yi barci, ta ce, "Maigida, nawa ne?" Na ce ban sani ba, kuma wallahi gaskiya na faɗa. Da muka lissafa a daren, dalar Kanada 38,000 ce, a katuna huɗu.

Na zo birnin Kalgari na Kanada a 2016. Katin farko banki ne ya miƙo min, aka ce da shi ake gina suna a wajen masu ba da lamuni. Sauran ukun ni na nema da ƙafata. Ba sharholiya na yi da kuɗin ba, ko da yake wannan ba uzuri ba ne: aikin idon Inna, bikin ƙanwata, kuɗin makarantar 'ya'yan yayana, ragon layya biyu kowace shekara. Wanda ke gida yana ganin duk mai zaman Turai a bakin rijiya yake, ni kuma kunya ta hana ni cewa babu. Da korona ta zo a 2020 aka rage mana awannin aiki, sai na koma cirar kuɗi daga wannan kati ina toshe bakin wancan.

Abin da ya fi cin raina shi ne ɗan adadin nan da suke rubutawa a matsayin mafi ƙarancin abin da za ka biya a wata. Ruwan katunana kashi 19.99 cikin ɗari ne a shekara, wato sama da dala 600 kowane wata kafin a taɓa uwar kuɗin. Shekara biyu ina biya, bashin yana nan daram kamar an dasa shi.

Kuskurena na farko bayan daren nan shi ne kiran wani kamfani da na ga tallarsa a Facebook, mai alƙawarin yanke bashi. Suka karɓi dala 1,200, suka tara min takardu, daga ƙarshe suka tura ni wajen mutumin da da kaina zan iya zuwa wurinsa kyauta. A Kanada, amintaccen wakili mai lasisin gwamnatin tarayya, wanda ake kira tirasti, shi kaɗai doka ta ba ikon shigar da tayin sulhun da suke kira konsuma furofozal. Zaman farko da shi ba a biyan ko sisi, ladansa kuma daga cikin kuɗin da kake biya duk wata ake cira.

Tirastin da na samu mace ce, ta ɗauki biro ta zana min abin a bayan takarda. Muddin bashinka bai haura dala 250,000 ba, ban da na gidan da kake ciki, kana iya yi wa masu binka tayin biyan wani kaso a cikin shekara biyar ko ƙasa da haka. Ranar da aka shigar da takardu ruwa ya tsaya, masu kiran waya su daina, ba mai taɓa albashinka. Bashin mota ba ya ciki, tunda motar jingina ce. Kuɗin ciyar da yara da tarar kotu ma ba sa faɗuwa. Na tambaye ta bambancinsa da ayyana karayar arziki, domin ina da burin ɗauko Inna. Ta ce wanda ya ayyana karaya ba zai ɗauki nauyin shigowar ɗan'uwa ba sai an sallame shi, sulhu kuwa ba karaya ba ne. Nan hankalina ya kwanta.

Kafin na sa hannu ta ce in buɗe asusu a bankin da ba ya bina komai, in mayar da albashina can, don bankin da ke binka yana iya ɗibar abin da ya tarar a asusunka. Da ban tambaya ba ma da ta faɗa, amma shawarar nan kaɗai ta fi duk abin da wancan kamfani ya sayar min.

A watan Fabrairun 2021 muka miƙa tayin dala 250 a wata har wata 60. Masu bashi suna da kwana 45 su amsa, kuma ƙuri'arsu da nauyin kuɗi ake auna ta, kowace dala ƙuri'a ɗaya. Bankin da ya fi bina ya ce sai dai 300. Na kwana biyu ina jujjuyawa, na amince. Dala 18,000 ke nan a madadin 38,000.

Sai dai akwai abin da lissafi bai warware min ba. Mun tashi muna jin cewa mamaci ma bashi na riƙe shi. Bayan sallar Juma'a na tsaya na ce wa limaminmu, "Allah gafarta Malam, ragowar dubu ashirin ɗin nan fa?" Ya tambaye ni ko na ɓoye wata dukiya, na ce a'a. Ya karanto aya ta 280 a Suratul Baƙara, wadda ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, yafewa kuma ta fi alheri. Ya ce abin da mai haƙƙi ya sauke da yardarsa ya sauka, amma in yi tuba a kan ribar da na jefa kaina ciki, kada in koma.

Shekarun biyan ba su da labari mai daɗi. An karɓe katunan. Na halarci zaman horo biyu na tilas a kan tsara kasafi, na shiga ina ganin raini ne, na fito da littafin da har yau nake rubuta cefane a ciki. Sau ɗaya na yi lattin biya lokacin da injin mota ya buga, tirasti ta tuna min cewa in bashin wata uku ya taru sulhun ya rushe, tsohon bashi ya dawo. Ban sake ba. Mafi wuya shi ne wayar da na yi wa yayana na ce daga yau dala 100 ce a wata, ta Inna ce, ba ƙari. Ya yi wata huɗu ba ya ɗaga kirana.

Da aiki ya daidaita na riƙa ƙara abin da ya samu, tunda ba a cin tarar wanda ya biya da wuri. A watan Afrilun 2025 takardar shaidar kammalawa ta iso. Tabon yana nan a rajistar Equifax da TransUnion, kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, sai 2027 zai goge, shekara shida daga ranar shigarwa. Kati ɗaya nake riƙe da shi yanzu, irin wanda kake ajiye kuɗinka jingina, na dala 500, mai kawai nake sha da shi. Takardarsa kuwa uwargida ce ke buɗewa.