Zaɓen Magagari da Yadda Ake Aiki da Shi

Tun da injin gurzar ƙarfe na lantarki ya yawaita a shagunan walda, matasa da dama ba sa tunawa da magagari sai ranar da aka ɗauke wuta. Wannan abu yana damuna, domin akwai ayyukan da inji ba ya yi musu adalci, kamar gyara haƙoran mabuɗi, ko faɗaɗa ƙaramin rami, ko kashe kaifin bakin ƙarfen da aka yanke ba tare da an ci fiye da kima ba.

Ana ƙera magagari da ƙarfe mai yawan sinadarin kabon, wanda aka gasa sannan aka tsoma a ruwa don ya yi tauri. Taurin nan ne ke ba shi ikon cin wani ƙarfe, kuma shi ne ke sa ya karye nan take idan aka yi ɓamɓara ko duka da shi.

Wajen saye, haƙora ne abin fara dubawa. Mai manyan haƙora da layuka biyu masu gicciye juna yana cin ƙarfe da sauri amma yana barin karce, shi kuwa mai ƙananan haƙora da layi ɗaya yana ci a hankali ya bar fuskar aiki sumul, don haka ake farawa da na farko a ƙarasa da na biyu. Katako yana da nasa mai haƙora tsaitsaye ɗaiɗai. Siffa kuma tana bin aiki: shimfiɗaɗɗe na fili ne, zagayayye na rami, mai kusurwa uku na wasa haƙoran zarto. A ganina, wanda kuɗinsa bai wuce na guda ɗaya ba ya sayi mai rabin da'ira, mai tsawon inci 8 ko 10, tunda gefe ɗaya shimfiɗe yake, ɗayan kuma yana shiga lanƙwasa.

Inda aka fi ɓata magagari shi ne wajen riƙo. Haƙoransa gaba suke fuskanta, saboda haka a turawa kawai yake ci, kuma wanda ke danna shi a dawowa yana dakushe shi ne a banza. A matse abin da ake gyarawa ya tsaya daram kusa da tsayin gwiwar hannu, hannu ɗaya a kan ƙota, ɗayan a kan baki, a tura tsawon magagarin gaba ɗaya ba tare da gaggawa ba, sannan a sassauta a dawo. Kunne ma yana taimakawa, domin magagarin da ke ci yana da amo mai kauri, wanda ke zamewa kuwa ƙara yake yi siririya, alamar ko dai ya mutu ko kuma ƙarfen ya fi ƙarfinsa. Da wannan zamewar ce maƙera ke gwada ko wuƙar da suka tsoma ta yi tauri. Kada kuma a kuskura a yi aiki ba ƙota, domin tsinin wutsiyarsa yana iya huda tafin hannu idan ya sarƙe.

Masu zubin tukwanen alminiyam sun san wata matsalar dabam, wato ƙarfe mai laushi yana cushe tsakanin haƙora, ya dunƙule, ya riƙa karce aikin da ake son gogewa. Maganinsa a goga alli a kan haƙoran kafin a fara, a kuma riƙa share su da burushin waya ana bin layinsu. Tagulla kuwa tana son sabon magagari mai kaifi, shi ya sa ya kamata a fara amfani da sabo a kanta kafin a mayar da shi kan baƙin ƙarfe.

Bayan aiki, kada a zuba magagarai cikin akwati ɗaya suna gugar juna, domin haƙori ne ke karya haƙori. A rataye kowanne dabam, ko a naɗe shi da tsumma a ajiye inda danshin damina ba zai kai gare shi ba.