Fasfonka Ne Zai Fara Zaɓa Maka Ƙasa

Duk wanda ya ji cewa na koyar da Turanci a waje, tambayarsa ɗaya ce: wace ƙasa ce ta fi? Sau da yawa kafin in buɗe baki ya riga ya zaɓa a ransa. Ko ya ga hotunan Tokyo da dare, ko ya ji an ce a Dubai ba a cire haraji daga albashi. Ni kuwa abin da nake fara tambayarsa shi ne, wane fasfo ne a aljihunka? Mutane ba sa jin daɗin wannan tambaya, amma ita ce take tace maka ƙasashen duniya ta bar maka 'yan kaɗan, tun kafin ka kashe ko sisi.

Ɗauki Koriya ta Kudu. Ga sabon malami, da wuya a sami tsari mai daɗi kamar nasu. Shirin gwamnati da ake kira EPIK, wanda aka fara a 1995, yana tura malamai makarantun gwamnati, a ba ka ɗaki kyauta, in ka cika shekara a ƙara maka albashin wata guda na sallama. Sai dai bizar malamin Turanci ta can, E-2, 'yan ƙasashe bakwai ake ba wa: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ayaland, Ostareliya, Niyuzilan da Afirka ta Kudu, in ban da wata 'yar ƙofa da aka buɗe wa ƙwararrun malamai daga Indiya. Ko da Turancinka ya fi na haifaffen Landan, in fasfonka ba ya cikin waɗannan, ka ajiye maganar Koriya. Abin yana min ciwo, don na san mutanen da suka fi wasu masu wannan biza iya koyarwa nesa ba kusa ba. Amma doka ce, kuma duk dillalin da ya ce maka yana da hanya, kuɗinka yake so.

Japan ta fi sassauci a wannan fanni. Shirin gwamnati na JET, mai tura mataimakan malamai makarantu, da ya fara a 1987, yana ɗaukar mutane daga ƙasashe da dama, ta ofishin jakadancin Japan da ke ƙasarka ake nema, kuma kusan shekara guda ake yi daga cika takarda zuwa hawa jirgi. Wasu ƙasashen guraben da ake ba su ba su taka kara sun karya ba. Hanyar da ta fi ɗaukar mutane ita ce ta kamfanonin da ke samar wa makarantu mataimakan malamai, kuma abin da suke nema shi ne digiri da shaidar cewa ka yi shekara 12 kana karatu da Turanci. Ta nan ne 'yan Filifin da Jamaika da wasu ƙasashen Afirka da yawa suka shiga. Albashinsu bai kai na JET ba, ga shi kama gida a Japan yana cin kuɗi tun ranar farko: kuɗin ajiya, ladan dillali, wani lokaci har da kyautar da ake ba mai gida wadda ba a mayarwa.

Sin tana biya da kyau, amma kasuwar ta sauya tun watan Yulin 2021, lokacin da gwamnati ta hana kasuwancin darasin bayan makaranta a manyan darussa, cibiyoyi masu yawa suka rufe. Bizar aiki a can ita ce Z. In aka ce ka zo da ta yawon buɗe ido ko ta kasuwanci, za a gyara daga baya, kada ka je. Ranar da 'yan shige da fice suka shigo aji, kai za a kama, kai za a kora.

Saudiyya da Daular Larabawa kuwa, ni a ganina ka bar su zuwa aiki na biyu ko na uku. Guraben da ke da albashin da ake labari suna neman gogewar shekaru, sau da yawa da lasisin koyarwa ko digiri na biyu. Turai ma ba ta da sauƙi ga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba. Faransa tana da shirin mataimakan malamai, awa 12 a mako daga Oktoba zuwa Afrilu, amma sai kana jin Faransanci, kuma abin da ake biya na ci da haya ne, ba na tari ba.

Ni Tailan na zaɓa, wata makarantar sakandare ta gwamnati a wani ƙaramin gari a arewa maso gabashin ƙasar. Dalilina na farko shi ne dokarsu tana da gurbin mutum irina. Wanda ba ɗan ƙasashen da suke ɗauka a matsayin masu Turanci ba ne, yana kawo digiri da sakamakon jarrabawar gwada iya Turanci ta TOEIC, maki 600 ko sama, ya sami bizar aiki da takardar izini ta halal. Albashin kaɗan ne, kuma ba zan ɓoye ba, Baturen da muke aiki ɗaya ya fi ni ɗauka. Amma haya a irin wannan gari ba ta da tsada, abin da ya rage a hannuna ya ishe ni.

Dalili na biyu, wanda na fi so masu neman aikin farko su ji, shi ne wanda zai tsaya kusa da kai a aji. Shekarar farko ba ka iya koyarwa ba tukuna, ko da wace takarda ka riƙe. Ajina ɗalibai sun haura arba'in, fankoki na juyawa a sama, zafin watan Mayu ya cika ɗakin, na yi tambaya da Turanci aka yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai. Malamar da aka haɗa mu, wata dattijuwa da ta kusa ritaya, ba ta ce min komai a gaban yara ba. Bayan an tashi ta zaunar da ni, ta ce yaro a nan ba ya son ya yi kuskure a gaban abokansa, kada in riƙa nuna mutum ɗaya da yatsa. Ta ce in raba su biyu-biyu su fara faɗa wa juna, sai in tambayi ƙungiya gaba ɗaya. Washegari na gwada, ajin ya cika da surutu, da Turanci. Ita ce ta nuna min yadda ake rubutu a allo don na baya su gani, ita ce ta raka ni ofishin shige da fice da tarin takardu a hannu. A cibiyar koyarwa ta 'yan kasuwa za a iya ba ka albashin da ya fi wannan, amma a miƙa maka littafi a tura ka aji kai kaɗai, da yamma da ƙarshen mako, iyaye na leƙe ta taga. Ga wanda ya goge wannan ba komai ba ne. Ga sabon shiga, ni dai na fi son makarantar da ke da abokin koyarwa, ko da kuɗin bai kai ba.

Kowace ƙasa da nata ƙananan dokoki da ba a rubutawa a talla. A Tailan baƙo yana sanar da hukuma adireshinsa duk kwana 90, kuma in ka fita ƙasar ba ka karɓi izinin sake shiga ba, izinin zamanka ya mutu. Kwantiragi da yawa ba sa biyan hutun Afrilu, don haka ka ƙirga albashin wata nawa ne a shekara kafin ka sa hannu. Ka kuma duba da wane kuɗi za a biya ka. Malaman da ke karɓar lira a Turkiyya sun ga tasku a 2022, lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 85 cikin ɗari a watan Oktoba.

Akwai maganar launin fata, ba zan tsallake ta ba. Makarantu da yawa a Asiya suna neman hoto tare da takardar neman aiki, kuma wasu daga ganin hoton ba za ka sake jin ɗuriyarsu ba. Abin da na lura shi ne makarantun gwamnati da garuruwan da ke nesa da babban birni sun fi duba takarda da yadda ka koyar a gwaji. Kafin ka amince, ka roƙi a haɗa ka da wani malami baƙo da ke aiki a wurin yanzu, ka tambaye shi ko albashi na zuwa a kan lokaci, kuma wa ya biya kuɗin takardar izininsa. Makarantar da ta ƙi haɗa ku, ka nemi wata. Wadda ta ce za ta riƙe maka fasfo, ko sallama kada ka tsaya yi.

Game da takardar koyarwa, in aljihu ya yarda ka yi CELTA, kwas ɗin horar da malaman Turanci na Jami'ar Kambirij: kimanin awa 120, ciki har da awa 6 na koyar da ɗalibai na gaske ana kallonka ana gyara maka. Kwas ɗin intanet mai arha yana iya wadatar da masu ba da biza a wasu ƙasashe, amma ba zai sa ka tsaya gaban aji ba.

Takardu su ne suka fi cin lokaci. Digirinka sai an tantance shi, in ƙasarka ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 kan sauƙaƙa tantance takardu tsakanin ƙasashe kuwa, sai ya bi ta ma'aikatar harkokin waje sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ka. Takardar shaidar rashin laifi daga 'yan sanda a wurare da yawa ba a karɓar wadda ta wuce wata shida, don haka ita ce ta ƙarshe da za ka nema. Shekarar karatu a Koriya a Maris take farawa, a Japan Afrilu, a Tailan tsakiyar Mayu. Ka ɗauki watan ƙasar da ka zaɓa ka ƙirgo baya, kuma ka tanadi abin da zai riƙe ka aƙalla wata biyu, don albashin farko sai ka yi aikin wata guda cur kafin ya shigo.