Mai buɗe jifa ko masu karɓarsa?

Na raba dare ina kallon wasa na bakwai kuma na ƙarshe na World Series ta 2025, wato jerin wasannin ƙarshe na cin kofin besbol a Arewacin Amurka, wanda Los Angeles Dodgers ta doke Toronto Blue Jays da ci 5 da 4 a zagaye na 11, kuma tun daga ranar nake juya wata tsohuwar muhawara ta masoya besbol: shin mai buɗe jifa, wato ɗan wasan da ke fara jefa ƙwallo a farkon wasa, shi ne ke kawo kofi, ko masu karɓarsa da ke canjinsa a tsakiyar wasa?

Yoshinobu Yamamoto na Dodgers ya buɗe wasa na shida, washegari kuma a wasa na bakwai, ba tare da ya huta ba, aka sake miƙa masa ƙwallo a zagaye na tara, ya yi ta jifa har aka tashi ba a ci shi maki ko ɗaya ba. Na lura kocinsa yana da masu karɓar jifa a zaune, amma da wuya ta kai wuya sai ya tsallake su. Haka Madison Bumgarner, shi ma mai buɗe jifa, ya yi wa San Francisco Giants a World Series ta 2014, ya shigo daga baya ya rufe zagaye biyar.

Ban raina masu karɓa ba, domin su ne ƙashin bayan Kansas City Royals da ta ɗauki kofin 2015. Sai dai a ganina ƙungiyar da ke da gwanayen buɗe jifa biyu ko uku ta fi samun sauƙi, tunda ranakun hutun da ke tsakanin wasannin neman kofi na Oktoba suna ba koci damar aiki da su a kowane gurbi, alhali mai karɓa da ya saba da zagaye ɗaya ba zai iya ɗaukar shida ba.